Kafin Mita Ta Cika Dubu Ɗari

Akwai wani akanta a kamfanin sayar da kayan gini, wanda kowa a gidansu ke kira Auta, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Mutumin kirki ne, ban hana shi wannan ba. Amma jama'a, lissafi ya yi masa yawa. Matarsa kan ce ko atishawa zai yi sai ya fara duba riba da faɗuwa.

Sau ɗaya tak zuciya ta kayar da lissafinsa. Ranar ce ya je ya sayo wata motar tsere ta hannu, ruwan ƙwai, ƙofa biyu, kujera biyu, gajeriya har in za ka shiga sai ka durƙusa kamar mai neman allura a ƙasa. In ya tayar da ita da safe, duk layin sai ya san Auta zai tafi aiki.

Ya ci zamaninsa da ita, ba laifi. Sai Allah ya ba matarsa ciki na biyu. Wata rana ta tsaya a bakin gareji, ta dafa ƙugu, ta ce, "Abban yara, ni dai ina tambaya ne. In na haihu, jaririn a but za mu sa shi ko a kan rufi?"

Ya yi dariya, amma maganar ta shige shi. Washegari ya kira wani dillalin motoci.

Dillalin ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, sannan ya zura kai ya kalli mita. Ya ɗago yana kaɗa kai.

"Yallaɓai, in gaya maka gaskiya? Irin wannan motar ƙanƙara ce a hannu, kana riƙe da ita tana narkewa. Wanda ya saye ta sabuwa shi ya sha babbar faɗuwa, kai tsintar dami a kala ka yi. Amma akwai rami a gabanka. Dubi mitar nan, saura ƙiris ta cika kilomita dubu ɗari. Ranar da ta cika, ko injin na nan garau, mai saye zai ga sifilai sun jeru ya ce tsohuwa ce, ya yanke maka farashi. In sayarwa za ka yi, yanzu ne."

"Kana da mai saye?"

"Akwai wani matashi da ke mutuwar son irinta. Ya yi tafiya, sai ƙarshen wata. Kai dai ka rufe ta, kada ta je ko'ina. Duk taku ɗaya da tayar nan za ta yi, daga aljihunka take fita."

An zo wurin. An gaya wa mai lissafi magana da yarensa. Auta ya wanke mota, ya lulluɓe ta da tamfol, ya koma hawa bas zuwa ofis.

To, ga inda gizo ke saƙa.

Mahaifin Auta tsohon direba ne. Ya shafe fiye da shekara talatin yana tuƙa manyan wani kamfani, har ido ya fara gajiya ya ajiye. Abokan aikinsa Totur suke ce masa, saboda ƙafarsa ba ta san sassauci ba. Yana da amini guda da suka yi aikin tare, shi kuma Birki ake ce masa, don ko akuya ya hango daga nesa sai ya rage gudu. Da suka yi ritaya, Birki ya koma garinsu, tafiyar rabin yini a mota. Suka ci gaba da tsokanar juna ta waya kamar yara.

Tun suna samari Birki ke da wata magana. "Totur, ni da kai wankin motar wasu muka zo yi duniya. Ranar da ɗanka ya kawo ka ƙofar gidana a motarsa, kana hakimce ba kai ke tuƙi ba, wallahi ni zan sa hular aiki in buɗe maka ƙofa in sara maka."

Da Auta ya sayi motar, Baba ya aika hoto. Birki ya ce hoto ba shaida ba ne, kowa na iya jingina da motar mutane a ɗauke shi. Tun daga nan Baba ke cewa, "Auta, yaushe za mu je mu rufe bakin tsohon nan?" Auta kuma kullum aiki, kullum sai an samu hutu.

Ba a yi mako da rufe mota ba, Baba ya kira shi. Muryarsa ba irin ta kullum ba.

"Auta, jikin Birki ya ƙi. An sallamo shi daga asibiti, amma matarsa ta ce ko ƙofar gida sai an riƙe shi. Ka taimaka Asabar ɗin nan mu je."

Kafin Baba ya rufe baki, kan Auta ya gama aiki. Abin da ya rage wa mita bai kai zuwa kaɗai ba, balle dawowa. Ya ji bakinsa ya ce, "Kash, Baba, ai motar ba lafiya. Famfon mai ne ya mutu. Kuma ka san irinta, kayanta sai an yi oda."

Ƙarya ce tsagwaronta. Da ya ajiye wayar, sai da ya ji kunyar kansa. Amma ya lallashi zuciyarsa. Ciwon tsofaffi ai yau a kwance gobe a zaune. Ƙarshen wata nawa yake? A sayar da wannan, a ce wa Baba ta gagari gyara, a sayo mai ƙofa huɗu, a kai shi cikin sanyi da walwala. Ai ma ta fi dacewa da bayan dattijo. Kun ji yadda mutum ke yi wa kansa huɗuba in yana son ya cuci wani.

Abin da bai lissafa ba shi ne, tsohon direba ba ya jin mota na ciwo ya zauna. Da yamma sai ga kira: "Ga ni nan tafe, in saurare ta da kunnena."

Auta ya ruga gareji, ya buɗe ɗan akwatin fis na wutar motar, ya zare na famfon mai, wani ɗan abu da bai kai ƙumbar babban yatsa ba. Ya kai shi ɗaki ya jefa a durowar gefen gado.

Baba ya iso, ya yaye tamfol, ya shafa bayan motar kamar mai gaida mara lafiya. Ya ce a murɗa makulli. Injin ya yi ta juyawa bai kama ba. Dattijon ya dafa gwiwa da ƙyar, ya durƙusa ya kara kunne wajen tanki.

"Gaskiyarka, famfon ko kuka ba ya yi. An duba fis kuwa? Wani lokacin ɗan ƙaramin abu ne."

"Bakanike ya duba, Baba. Lafiyarsa ƙalau."

"To shi ke nan. Allah ya sa iyakarta ke nan."

Bai sake tambaya ba. Ɗansa ne ya faɗa, me zai bincika? Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwar wandonsa, Auta kuwa ya kasa haɗa ido da shi.

Da ya rako shi bakin titi, Baba ya ce, "Ko dai in bi bas gobe in gano shi, in mota ta warke mu sake komawa?"

Nan fa Allah ya buɗe wa Auta ƙofa, ya sa ƙafa ya rufe. Abin da ya faɗo masa shi ne bakin yayyensa. A ce yana da mota a gareji, mahaifinsu na gwamutsuwa a bas? Sai a yi shekara ana yi masa gori a zauren waya na 'yan gida.

"Haba Baba, da wannan bayan naka? Ka bari mana. Kwana nawa ne? Ni zan kai ka da kaina."

Baba ya yi murmushi. "To, Allah ya yi maka albarka. Dama in na je a bas, tsohon nan sai ya kashe ni da dariya."

Matar Auta ta ga komai ta taga. Da ya shigo ta ce, "Abin da ka jefa a durowa fa, mene ne?"

"Ba ruwanki."

"Da ruwana, tunda saboda cikina aka ce za a sayar. Ni ban aike ka ka yi wa Baba ƙarya ba. Ka gaya masa gaskiya, dattijo ne, zai fahimta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Abban yara."

"Ke ba ki san yadda kasuwar mota take ba."

"Ban sani ba kam. Amma na san Baba ɗaya gare ka."

Ya yi tsaki ya fita. Maganar ta bi shi har ofis.

Kwanaki suka fara tafiya. Akwai abin da Auta bai sani ba sai da babbar yayarsa ta kira shi da faɗa.

"Wai kai wane irin yaro ne? Ka san Baba kullum yana kasuwar kayan mota? Tun safe yake fita, rumfa rumfa, yana nuna hoton motarka yana tambayar famfo. Jiya ƙafarsa har ta kumbura, sai da na gasa masa da ruwan zafi. Ka hana shi mana!"

Auta ya kira Baba nan take.

"Baba, don Allah ka huta, na ce an yi oda."

"Rabu da 'yan odar nan, Auta, sai su kai ka wata uku. Ni na san mutane a kasuwar nan tun kana goye. Akwai wani da ya ce an kawo irin taka da ta yi hatsari, ana farfasa ta. Mai nema yana tare da samu. Kai dai yi aikinka."

Sau biyu a makon nan Auta ya buɗe durowa ya ɗauki fis ɗin, sau biyu yana mayarwa. Abinci ya daina yi masa daɗi. In wayarsa ta yi ƙara ya ga Baba ne, sai ya daɗe kafin ya ɗauka. Amma duk lokacin da ya kusa karaya, sai dillali ya turo saƙo: mutumin ya kusa dawowa, a ci gaba da haƙuri, kada a taɓa mota. Sai ya ce wa kansa, an riga an ci rabin tafiya, saura ƙiris.

Ranar wata Asabar da hantsi, yana zaune a falo, ya ji ana buga get da ƙarfi. Baba ne, gumi sharkaf, takalmi duk baƙin mai, ya rungumo wani abu a naɗe cikin tsohuwar jarida. Fuskarsa kamar an yi masa albishir da gidan sama.

"Ban gaya maka ba? Ga shi! Na motar da aka farfasa ne, a gabana aka cire, a gabana aka gwada. Kira bakanikenka ya zo ya ɗaura. Tsaya ma tukuna, bari in fara tsokano tsohon nan."

Ya zaro waya, ya danna, ya buɗe murya don kowa ya ji. Tana shiga bai jira sallama ba.

"Kai Birki, matsoracin titi! A wanke hula, gobe war haka ina ƙofar gidanka!"

Sai muryar mace, a dashe.

"Baban Auta, ni ce. Yanzu nake cewa a kira ka. Ya cika ɗazu da safe."

Baba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sake faɗa. Ya zauna a kan dakalin bakin gareji, famfon na kan cinyarsa. Matar ta ce ba za a jira ba, da an gama shiri za a kai shi.

Da ya kashe wayar, ya ɗago ido jajir ya dubi ɗansa.

"Auta, yi sauri ka kira bakaniken. Ko awa biyu zai ɗauka, a ɗaura. Wataƙila mu samu ko a maƙabarta ne."

To jama'a, ku tsaya a inda Auta ya tsaya. In ya kira bakanike, za a sauke tanki, a ɓata awa biyu ana gyaran abin da bai lalace ba, asirinsa ya rufu har abada. In kuma yana son su kama hanya yanzu, hanya ɗaya ce. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa.

Ya shiga ɗaki. Ya fito da ɗan abin nan a tafin hannu. A gaban mahaifinsa ya buɗe akwatin fis ya mayar da shi. Ya murɗa makulli. Bugu ɗaya motar ta tashi, gurnaninta ya cika gidan.

Baba ya kalli motar. Ya kalli abin da ke cinyarsa. Ya kalli Auta. Wallahi da ya zage shi, ko ya ɗaga hannu ya wanka masa mari, da ya fi masa sauƙi. Dattijon ya ajiye famfon a kan dakali a hankali, ya zagaya, ya durƙusa ya shiga, ya ja ƙofa.

"Mu je," ya ce.

Suka kama hanya. Motar da aka yi wa tanadi kamar ƙwai, ranar ta ga gudu. Totur guda, wanda duk rayuwarsa in ya ji inji mai lafiya sai ya yi magana, bai ce komai ba. Ya juya fuska wajen taga, yana motsa baki a hankali.

Sun wuce rabin hanya, wajen wani gidan mai da aka daina amfani da shi, idon Auta ya sauka kan mita. Tara, tara, tara, duk sun jeru. Yana kallo suka juye suka zama sifilai. Motar ko gezau ba ta yi ba. Injin bai sauya murya ba, taya ba ta fashe ba, sama ba ta faɗo ba. Abin da ya hana idonsa barci kusan wata guda ke nan, ya zo ya wuce kamar ƙiftawar ido. Hawaye suka zubo masa, ya share da bayan hannu don kada hanya ta ɓace masa.

Ba su samu ba. Sun tarar har an dawo, mutane na zazzaune a ƙofar gida. Mota ruwan ƙwai ta tsaya, kowa ya juyo yana kallo, Baba ya buɗe wa kansa ƙofa ya fito.

Aka shiga da su wajen matar marigayin. Bayan sun yi mata gaisuwa, ta share ido ta ce, "Ai ya jira ka, Baban Auta. Tun ranar da ka ce mota ta kusa gyaruwa, kullum da la'asar sai ya sa an fitar masa da kujera bakin ƙofa, ya ɗora tsohuwar hularsa ta aiki a gwiwa. In na ce iska za ta kama shi, sai ya ce in rabu da shi, Totur ba ya sanarwa, faɗowa kawai yake yi. Shekaranjiya ne ya kasa fita." Ta juyo wajen Auta. "Kai ne mai motar? Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka yi ƙoƙari. Lalacewar mota ai ba laifin kowa ba ne."

Auta ya sunkuyar da kai, ya ji ina ma ƙasa ta tsage. Baba bai gyara mata zance ba. Ya rufa wa ɗansa asiri a gaban mutane, wannan kuwa ya fi komai yi wa Auta ciwo.

Suka kwana a garin. Da safe, da suka fito za su tafi, Baba ya tsaya a gefen motar.

"Gaya mini dalili."

Auta ya faɗa masa komai, dillali, mita, mai saye, ƙarshen wata. Yana faɗa yana jin yadda maganar ke ƙanƙancewa a bakinsa.

"Da mun zo tun farko, me za ka rasa?"

"Kamar... kamar kuɗin sababbin tayoyi huɗu, Baba."

Baba ya gyaɗa kai. "Ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Da ka gaya mini, wallahi ba zan ji haushi ba. Na yi wa mutane tuƙi shekara da shekaru, na san mota dukiya ce. Ka ce, Baba, ba zan iya ba. Da washegari na hau bas, na zo na same shi da ransa, ya yi mini dariya, mu rabu. Ban ce dole ka kawo ni ba, Auta. Amma me ya sa ka hana ni zuwa?"

Auta ya durƙusa a nan bakin titi ya ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe maka, duniya da lahira. Tashi, mutane na kallo. Amma ka sauke ni a tasha. Yau ba zan iya zama a cikinta ba."

Ya roƙa, ya roƙa, Baba ya ce a'a. A tasha ya sauke shi. Yana kallo dattijon ya sayi tikiti, ya hau wata tsohuwar bas, ya samu wuri a baya kusa da taga, tsakanin wata mai jariri da wani mai buhu.

Auta ya kasa wucewa. Bas ta tashi, ya bi bayanta. In ta tsaya ɗaukar fasinja ya tsaya, in ta tsaya shan mai ya tsaya. Motar da aka ƙera don tsere ta yini tana rarrafe a bayan bas mai hayaƙi, kujerar gefensa wayam, yana hango ƙeyar mahaifinsa ta gilashin baya har suka shigo gari.

Ƙarshen wata mai saye ya dawo, ya leƙa mita, ya rage abin da dillali ya ce zai rage. Auta bai yi ciniki ba, ya miƙa makulli. Ya sayi mai ƙofa huɗu, kuma Baba na shiga, ana kai shi asibiti, ana kai shi gidan 'ya'yansa, suna hira kamar da. Sai dai har yau, in Auta ya ce, "Baba, akwai inda kake son zuwa? Ko nesa ne, ka faɗa," dattijon kan yi ɗan murmushi ya ce, "A'a, Auta. Wa gare ni a nesa yanzu?"

Darasi: Ba laifi ba ne ka san lokacin da ya dace ka sayar da abinka kafin darajarsa ta faɗi, wannan hankali ne. Amma in ba za ka iya yi wa mutum abu ba, gaya masa gaskiya da wuri ya nemi wata hanya, kada ka ɗaure shi da "bari" da "saura ƙiris". Abin da mota ta rage, aiki na iya mayar da shi. Lokacin tsoho kuwa in ya wuce, babu kasuwar da ake sayo shi. In akwai dattijon da ke jiran wani alkawarinka, kira shi yau kafin ka ajiye wayar nan, sannan ka tura wa 'yan uwa da abokai labarin, wataƙila akwai wani Auta a cikinsu da bai makara ba tukuna.